Buhu biyu, lamba ɗaya: muhawarar zauren gari kan simintin Islamiyya

Sakataren Kwamiti
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da sanyi. Magana ce a kan ajujuwa biyun nan na Islamiyya da muke ginawa a bayan masallacin Juma'a. Kun san sau biyu muka sayi siminti: buhu 40 tun ana yankan gero, sai buhu 30 makonni uku da suka wuce. Bulon farko ras yake, har an kai linta da shi. Na biyun kuwa, jiya da muka je kwasa, kana ɗagawa gefensa na marmashewa kamar alkaki. Guda 17 suka karye a kan amalanke kafin a isa wurin gini. Kuma duka buhunan 42.5 aka rubuta a jikinsu. Dattawa sun ce a kai simintin birni a gwada. To ina ake kaiwa, kuma me ake dubawa a ciki? Roƙo ɗaya: kada kowa ya ambaci sunan kamfani ko na dila, tunda ba mu tabbatar da komai ba.

Kawu Magini
Wa alaikumus salam. Ni tun ranar da aka farke buhu na ce wa yara wannan ba irin wancan ba ne. Na farkon duhu gare shi, na biyun fari-fari. Shekara 38 ina riƙe da cokalin gini, siminti in ya yi haske ban yarda da shi ba. Wancan in ka kwaɓa da hantsi, kafin azahar ya kama. Wannan har la'asar in ka danna yatsa sai ya lotsa.

Mai Bulo
Kawu, Allah ya saka da alheri, gara da ka faɗa da bakinka. Tun jiya ake kallona a gari kamar na ci amanar kuɗin Allah. Inji ɗaya, yara ɗaya, awo ɗaya. In ba simintin ba, me ya canja?

Inna Hajiya
Ba wanda ya ce ka ci amana, ɗana. Amma kuɗin nan akwai na mata da yawa a ciki, wata kwanon gyaɗarta ta sayar ta kawo. Dole a tambaya. Ina yaron nan da ke aiki a kamfanin siminti? A taɓo mana shi.

Na Ɗakin Gwaji
Ga ni Inna, ina wuni. Yanzu na tashi, aikin dare na yi. Kawu, ina gaisuwa. Idonka bai yi ƙarya ba, simintin biyu sun bambanta. Amma launi ba ya nuna ƙarfi, kuma ina so in faɗi dalili, don shi ne aikina kullum.

Abin da ke cikin buhu ba daga dutse aka niƙo shi kai tsaye ba. Dutsen farar ƙasa ake haƙowa, a haɗa da yumɓu da ɗan jan dutse mai ƙarfe, a niƙa su lilis, a tura cikin tanderu. Tanderun doguwar ganga ce ta ƙarfe a kwance, mita 60 ko fiye, tana juyawa a hankali. A ƙarshenta zafin kayan yana kai digiri 1450, wani ɓangare ya narke, su dunƙule su fito ƙwallaye baƙi-baƙi, daga girman gyaɗa zuwa na goro. Wannan shi ne kilinka. Shi ake niƙawa da ɗan jibsam, wani farin dutse mai laushi, kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100, ya zama siminti.

A cikin kowane ƙwallo akwai ma'adinai huɗu da wutar ta ƙera, waɗanda babu su a dutsen da aka zuba. Babbansu alait, yawanci kashi 50 zuwa 70, shi ne mai ba da ƙarfin kwanakin farko har zuwa wata guda. Sai belait, kashi 15 zuwa 30, mai nawa ne, ƙarfinsa sai an kwana biyu yake fitowa. Sai aluminet, ɗan kaɗan ne amma mai zafin rai, da ya ga ruwa sai ya kama, don shi ake zuba jibsam ya riƙe shi. Na huɗu ferait, mai ƙarfe a jiki. To Kawu, shi wannan ferait ɗin ne ke ba siminti duhu, kuma a cikin huɗun ba shi ne mai ɗaukar nauyin gini ba. Farin siminti da ake like tayil da shi kusan babu ferait a cikinsa, kuma yana da ƙarfi.

Kawu Magini
To, na ji ta launi. Amma nawar kamawar fa? Wannan da yatsana na taɓa.

Na Ɗakin Gwaji
Wannan kam tambaya ce. Sakatare, don Allah duba jikin buhunan: bayan 42.5 akwai harafi, N ko R. Sannan akwai wani rubutu mai farawa da CEM.

Sakataren Kwamiti
Na aika yaro ya ɗauko fankon buhun. Na farkon 42.5R ne, na biyun 42.5N. Duka biyun an rubuta CEM II/A-L.

Na Ɗakin Gwaji
Madalla. Lambar 42.5 alkawari ne a kan kwana 28: in aka kwaɓa awo ɗaya na siminti da uku na wani yashi na musamman, aka yi 'yan sanduna, aka jiƙa su kwana 28 aka matse a inji, ba za su gaza megafaskal 42.5 ba, wato ma'aunin ƙarfin da suke jurewa kafin su fashe. Harafin kuma alkawarin kwana 2 ne. R ba ya gaza 20 a kwana biyu, N ba ya gaza 10. Ka ga duka za su isa gari ɗaya, amma ɗaya ya fi sammako. A-L kuwa yana nufin an haɗa niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa kashi 6 zuwa 20 a kan kilinkar. Wannan halal ne a ƙa'idar siminti ta Najeriya, NIS 444, ba algus ba ne, kuma yana ƙara wa garin haske.

Malamin Islamiyya
Allah ya ƙara ilimi. Amma ni abin da ya tsaya mini: ka ce kashi kaza alait, kashi kaza belait. Abu ya narke ya dunƙule ya zama dutse ɗaya, ta yaya mutum zai san rabon kowanne? Ba gero da dawa ba ne balle a tsince.

Na Ɗakin Gwaji
Malam, ka taɓo inda ake faɗa a kai. Hanyar da ta fi yawa a kamfanoni lissafi ce. Muna ɗebo kilinka daga bakin na'urar sanyayawa, mu niƙa, mu matse shi ya zama kamar kwabo, mu saka a na'urar eksire da ake kira XRF. Cikin 'yan mintoci ta faɗa mana sinadaran da ke ciki: kalsiyam nawa, silika nawa, alumina nawa, ƙarfe nawa. Ba ta faɗar alait ko belait. Daga nan sai mu ɗauko lissafin wani masani ɗan Amurka, Robert Bogue, wanda ya fitar a 1929.

Ga misali da lambobi irin na yau da kullum. A ce a cikin kashi 100, kalsiyam oksaid 66, silika 21.5, alumina 5.2, ƙarfe 3. A cire 1 daga 66 saboda kalsiyam ɗin da bai haɗu da kowa ba, saura 65. Alait: 65 sau 4.071, a ɗebe 21.5 sau 7.6, a ɗebe 5.2 sau 6.718, a ɗebe 3 sau 1.43. Ya ba da 62. Belait: 21.5 sau 2.867, a ɗebe 62 sau 0.7544, ya ba da kusan 15. Aluminet ya fito 8.7, ferait 9.1. Tunanin Bogue shi ne: duk ƙarfen ya tafi ferait, aluminar da ta rage ta tafi aluminet, sannan kalsiyam da silika su raba kansu tsakanin alait da belait.

'Yar Jami'a
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Yaya, ka yi haƙuri in shigo, don a kan wannan nake aikin digirina na biyu. Malam, amsar tambayarka ta gaskiya ita ce lissafin Bogue bai ga komai ba. Kamar mace ce ta san kwanon gero nawa ta kai niƙa, sai ta ce lallai fura kaza za ta fito, alhali ba ta leƙa tukunyar ba. Lissafin ya ɗauka kowane ma'adini tsarkakakke ne, kuma wuta ta gama aikinta tsaf. Alait na gaskiya kuwa yana haɗiye magniziyam da alumina da ƙarfe a jikinsa, kusan kashi 3 zuwa 4. Shi ya sa in aka auna da ido a madubin ƙara girma, ko da wata na'urar eksire da ake kira XRD, sau da yawa alait ya fi abin da Bogue ya faɗa, belait kuma bai kai ba. Tazarar takan kai kashi 5, wani lokaci ta wuce. Har wani masani ɗan Ingila, Taylor, ya yi wa lissafin gyara a 1989 saboda wannan.

Kuma duba lambar da ke gaban silika, 7.6. In na'ura ta kuskure silika da rabin kashi kawai, alait ya motsa da kusan kashi 4. Yaya, gaskiya ne ko ba gaskiya ba?

Na Ɗakin Gwaji
Gaskiya ne ƙanwata, ban musa ko ɗaya ba. Amma ki zo aikin dare sau ɗaya. Tanderu ba ya tsayawa ya jira ki, tan ɗaruruwa yake fitarwa a awa. Mai tuƙa shi yana ɗakin kula yana kirana a waya, so yake in ce masa ya ƙara wuta ko ya rage, yanzu. Bogue ko da ya kauce, kaucewa ɗaya yake yi jiya da yau, tunda dutsenmu ɗaya ne. In jiya ya ce 62 yau ya ce 57, na san wani abu ya motsa, kuma wannan nake buƙata. Ma'aunin mai awo a kasuwa ko da bai cika daidai ba, in shi kaɗai kake amfani da shi za ka gane ranar da hatsi ya ragu.

'Yar Jami'a
Na yarda a cikin kamfani ɗaya. Amma in kilinkar ba ta ƙonu ba fa? Sinadaran suna nan yadda suke, XRF za ta ba ka lamba mai kyau, Bogue ya ba ka alait 62, alhali alait ɗin bai samu ba.

Inna Hajiya
Wannan na gane shi. Masu ginin tukwane na unguwar gabas yumɓu ɗaya suke ɗebowa, amma tukunyar da ta faɗa gefen wuta in ka ƙwanƙwasa ba ta amo, kuma ba ta shekara.

Na Ɗakin Gwaji
Inna kin gama bayanin. Shi ya sa ba Bogue kaɗai muke riƙe ba. Muna auna kalsiyam ɗin da ya rage bai haɗu ba, shi ne ƙwanƙwasa tukunyarmu. A zuba garin kilinka a ruwan gilaikol mai ɗumi, a motsa, a tace, a riƙa ɗiga asid har launin ruwan ya juya. In ya fito kashi 1 zuwa 1.5, hankali kwance. In ya haura 2 ya doshi 3, wuta ba ta isa ba, kuma irin wannan in ya yi yawa yakan kumbura a cikin gini bayan ya kama, ya tsaga shi. Akwai ma gwajin da ya fi wannan tsufa, wanda kowane manomi zai gane: a tankaɗe ƙwallaye masu girma ɗaya, a cika gwangwanin lita guda, a ɗora a sikeli. Wadda ta ƙonu sosai takan yi kilo ɗaya da giram 250 zuwa 350. Mai sauƙi ba ta nuna ba, kamar geron da bai yi ido ba.

Amma bari in ba ƙanwata gaskiyarta da wani abu da ya faru a gabana. Akwai lokacin da ƙarfin kwana 28 ya yi ta sauka, lambobin Bogue kuwa ba su motsa ba. Wani dattijo da na koyi aiki a hannunsa ya ce in kawo ƙwallaye. Ya farfasa su, ya zuba a ɗan kofi, ya kwarara musu ruwan roba mai daskarewa. Da ya bushe ya yanka, ya yi ta gogawa a kan takardar yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ba da ruwa ba, don ruwa zai cinye fuskar. Sai da ta yi sheƙi kamar madubi. Ya ɗiga mata asid mai rauni da aka sirka da sifirit, 'yan daƙiƙoƙi, ya busar, ya ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ce leƙa.

Wallahi ban manta ba. Ƙwallon da nake gani baƙi ƙirin ashe gari ne guda. Ga alait masu kusurwa shida, gefensu a miƙe, ko kaurin silin gashi ba su kai ba. Ga belait zagayayyu, da zane-zane a jikinsu masu gicciye juna kamar saƙar faifai. A tsakaninsu ferait na ƙyalli fari, aluminet toka-toka. Sai ya nuna mini belait sun taru wuri ɗaya cunkus kamar ƙwai a akurki, ya ce wannan tsakuwar yashi ce da injin niƙa bai niƙe ba. Ya nuna gefen alait ya zaizaye, ƙananan belait sun yi masa kwalliya, ya ce wannan kilinkar ta daɗe ba ta huce ba, alait in ya sauko ƙasa da digiri 1250 a hankali komawa yake belait. Ya gano ciwo biyu, ɗaya a niƙa ɗaya a sanyayawa, kuma babu ko ɗaya a takardar lissafi.

Malamin Islamiyya
Subhanallah. Gani ya kori ji. To ta madubin ana iya ƙidaya su ke nan?

'Yar Jami'a
Ana iyawa Malam, kuma ita ce hanya mafi tsufa. Le Chatelier na Faransa ya duba kilinka a madubi tun shekarun 1880, sannan a 1897 wani masanin duwatsu ɗan Suwidin, Törnebohm, ya raɗa sunayen alait da belait, tun ba a san ainihin sinadaransu ba. Yadda ake yi: akwai layukan raga a cikin idon madubin. Duk inda layi biyu suka gicciye, ka duba me ke ƙarƙashi ka danna maƙirgi, alait ko belait ko rami. Ka matsa gaba kaɗan ka sake. Sai ka tara dubu 3 zuwa 4 kafin lambar ta zauna. Abin da ya fito rabon fili ne, sai a juya shi zuwa nauyi. Wuni guda ne a kan samfuri ɗaya, kuma aluminet da ferait in sun yi ƙanana raba su sai gwani.

Ni XRD nake amfani da ita. Ita ma eksire ce, amma ba sinadari take tambaya ba, ƙira take tambaya. Kowane ma'adini yana da yadda ƙwayoyinsa suka jeru sahu-sahu, kuma hasken in ya bugi sahun yana dawowa ta kusurwoyin da shi kaɗai ke da su. Takarda takan fito da tsaunuka, kowane ma'adini da nasa. Matsalar kilinka ita ce manyan tsaunukan alait da na belait sun hau kan juna a wajen kusurwa mai digiri 32 zuwa 33, kamar mutum biyu na magana lokaci ɗaya. Abin da ya warware wannan hanyar Hugo Rietveld ce, ɗan ƙasar Holan, wadda ya wallafa a 1969. Maimakon a auna tsauni ɗaya, kwamfuta ta zana hoton da ya kamata ya fito in rabon kaza ne, ta kwatanta da na gaske daga farko har ƙarshe, ta yi ta gyara rabon har su dace. Manyan kamfanoni yanzu suna da ita kusa da XRF.

Na Ɗakin Gwaji
Faɗi aibinta ma, kada a ce waliyyiya ce.

'Yar Jami'a
Zan faɗa Yaya. In ba a niƙa garin ya sauka wajen maikuron 10 ba, wato ɗaya cikin ɗari na milimita, lambar ta lalace. In aka danne shi da ƙarfi a faranti, alait sukan kwanta ta fuska ɗaya, tsauninsu ya yi tsawon da ba nasa ba. Alait kansa ba ƙira ɗaya gare shi ba, in ka ba kwamfuta wadda ba ita ba, za ta ba ka amsa da ƙwarin gwiwa kuma kuskure ce. Don haka hukumar awo ta Amurka take sayar da kilinkar da an riga an san rabonta, ka fara gwada na'urarka da ita. Akwai kuma dabarar wanke gari: asid salisilik a cikin metanol yana narkar da alait da belait ya bar sauran biyun a fili, ruwan fotash da sukari kuma yana yin akasin haka.

Kawu Magini
Sukari dai na shayi? To wannan na san shi ta wata hanya. Wani lebura ya taɓa kwaɓa mana a buhun da aka zazzage sukari, kwana biyu abin bai kama ba.

'Yar Jami'a
Shi ne Kawu. Ɗan kaɗan ya isa ya hana siminti kamawa da wuri.

Sakataren Kwamiti
Jama'a, karatu ya yi daɗi, amma mu dawo kan bulo. In ɗebi gari a leda in kai a yi mana wannan Bogue ɗin ko XRD?

Na Ɗakin Gwaji
Bogue kada ka ɓata kuɗin mata a kansa. Na kilinka ne zalla. Simintinku akwai dutsen farar ƙasa da jibsam a ciki, duka biyun kalsiyam ne, lissafin zai ɗauka na alait ne ya ba ka lambar da ba ta da ma'ana. Duk wanda ya karɓi kuɗinku ya yi Bogue a kan CEM II bai yi muku aiki ba.

'Yar Jami'a
Nan bakinmu ɗaya. XRD kuwa za ta raba su: ga kilinka, ga dutsen farar ƙasa, ga jibsam. Kuma za ta nuna abin da nake zargi, wato ko simintin ya sha danshi kafin ya iso. In alait ya fara haɗuwa da ruwa a cikin buhu yana haifar da wani ma'adini, fotlandait, tsauninsa na fitowa a wajen digiri 18, inda ba cunkoso. Akwai irin na'urar a ɗakin binciken hukumar duwatsu ta ƙasa da ke Kaduna. Amma tsakani da Allah, ko an ba ku rabon ma'adinan har da ɗigo, ba zai ce muku ga abin da ya karya bulo ba. Rabin labarin ne.

Direban Tirela
Ku bari in sa baki, shekara 11 ina ɗauko siminti, na yi hanyar Sakkwato, na yi Ashaka, na yi Obajana. Daga kamfani buhu yake fitowa da ɗuminsa, garin na zuba kamar ruwa. Abin da ke faruwa bayan nan Allah kaɗai ya sani. Tamfol mai huda, ruwan ƙarshen damina a hanya, mota ta lalace ta kwana huɗu a daji. Sai a sauke a shago a kan daɓe, ba katako a ƙasa, a jingina da bango. Wani in buhu ya yi dutse sai ya buga shi da ƙasa ya farfashe, ya sa a tsakiyar lodi. Sakatare, akwai ranar da aka yi shi a jikin buhun, ka duba. Kuma ka zura hannu cikin wanda ba a taɓa ba.

Sakataren Kwamiti
Saura buhu 6 a ɗakin ajiya. Na buɗe biyu yanzu. Ɗaya lafiya lau, sulɓi. Ɗayan akwai gudaji a gindinsa, wasu na murƙushewa a yatsa, wasu sai da na sa dutse. Rubutun kwanan watan ya goge, ba ya karantuwa.

Na Ɗakin Gwaji
Wanda ya murƙushe a yatsa nauyin lodi ne, ba komai. Wanda sai da dutse ya riga ya sha ruwa, kuma aluminet da alait ne suka fara tafiya, wato masu ƙarfin farko. Wannan ya dace da nawar da Kawu ya gani. Amma ba duka buhunan ba ne, bulon kuwa ka ce kusan duka ya yi laushi. Yayana Mai Bulo, don Allah ba tuhuma ba ce: yashin daga ina, kuma kwana nawa aka yi ana ban ruwa?

Mai Bulo
Tunda an zo nan zan faɗi gaskiya. Awo ban canja ba, Allah shaida. Amma yashin farko na rafi ne, na biyun mai tifa ya ce hanya ta yi nisa, ya ɗebo daga kududdufin bayan makarantar boko. Ban ruwa kuma, kun san famfon sola ya tsaya a makon. Kwana ɗaya muka zuba da ruwan 'yan garuwa, sai kuɗin ya fi ƙarfina. Na ce sanyi ake yi, ba zai bushe da wuri ba.

Kawu Magini
Kai ɗana! Iskar hunturu ta fi rana shan ruwa. Wanki ma kafin ka gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe. Da ka faɗa mini da na sa jikokina sun ɗebo a rijiyar masallaci.

Na Ɗakin Gwaji
Allah ya saka maka da faɗin gaskiya, ba kowa zai iya a cikin zaure ba. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwan yake ci ya zama dutse. Ruwa na ƙarewa aikin ya tsaya. Na farkon R ne, ya yi sammako ya tara ƙarfi a kwana biyu, ga sauran danshin kaka a iska. Na biyun N ne, wani ya sha danshi a shago, ya gamu da hunturu da yashi mai laka, aka yanke masa ruwa tun alait bai yi nisa ba, belait kuwa ko farawa bai yi ba.

Kawu Magini
Duk da haka ni ban wanke simintin ba. A 2014 da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, ta ce 32.5 na fulasta ne, 42.5 na bulo da kankare, an yi ta ce-ce-ku-ce, aka ce mana in mun ga 42.5 mu kwantar da hankali. Yau kuma ana ce mini 42.5 ɗin ma iri-iri ne. Mu da ke ƙauye wa ya taɓa zuwa ya karanta mana harafin?

'Yar Jami'a
Kawu, ƙorafinka na kan hanya, kuma kada a wanke shi sai an gwada. Ga shawarata. A sayo buhu ɗaya sabo na R. A ɗauki buhun N mai sulɓi da mai gudajin. Yashin rafi ɗaya, awo ɗaya, hannu ɗaya, a buga bulo goma-goma, a yi wa kowane rukuni alama. A rufe su da buhunan algarara, ruwa safe da yamma kwana 7 ba fashi. Ranar kwana 28 a kai sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero a matse a inji. Ƙa'idar bulo ta ƙasa, NIS 87, ta nemi bulon da zai ɗauki nauyi ya kai megafaskal 3.45. Ni kuma a cika mini kwalba biyu da gari daga tsakiyar buhunan N ɗin, a toshe bakin sosai a naɗe da leda, in na tafi Kaduna da samfurorina zan haɗa da su.

Yashin kududdufin ma a gwada yau: a zuba a kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye awa uku. Lakar za ta kwanta a saman yashin. In kaurinta ya doshi ɗaya cikin goma, kada a sake kawo shi.

Mai Bulo
Na yarda. Bugun gwajin ba zan karɓi ko sisi ba. Amma Kawu ya tsaya a kaina ranar, don kada gobe a ce na yi wani abu.

Kawu Magini
Zan zo bayan sallar asuba ranar Asabar. Sauran bulon na biyu kada a zubar kuma kada a sa a bango. A jera su a inuwar darbejiya a ci gaba da ba su ruwa, in sun farfaɗo sa yi katangar banɗaki.

Inna Hajiya
Buhunan algarara akwai guda 12 a rumbuna, a turo yaro da amalanke. Kwalaben kuma na zuma ne, sai an wanke an shanya sun bushe ƙayau, tunda an ce abin ba ya shiri da zaƙi.

Malamin Islamiyya
Ban ruwa a bar wa 'yan babban aji, zan raba su biyu, na safe da na bayan la'asar. Sakatare, a samo mana guga da igiya, ta rijiyar masallacin ta tsinke tun shekaranjiya.